Yadda Ake Canza Bushin Ƙaramin Firam na Bayan Mota Idan Sun Mutu

Duk wanda ya daɗe yana tuƙa tsohuwar Marsandi ya san wata ƙara da ke tasowa daga ƙarƙashin kujerar baya, ƙara mai nauyi kamar an saki taɓarya cikin turmi, wadda ke zuwa a daidai lokacin da aka saka giya, ko aka taka totur da ƙarfi, ko aka ɗaga ƙafa daga kansa ba zato. Abin da aka saba yi shi ne a ɗora wa shokabzoba laifi, a sayo sabuwa a ɗaura, a fito daga gareji a ji ƙarar tana nan daram. Daga nan sai a bi sandunan ƙafa, wato ƙarafan da ke riƙe da taya, ɗaya bayan ɗaya ana canzawa, kuɗi na tafiya, alhali ɓarnar tana can sama, a wuraren nan huɗu da ƙaramin firam ya haɗu da jikin motar.

Ƙaramin firam, wanda wasu kanikawa ke kira kurosmemba, wani ƙashin ƙarfe ne da ke kwance a ƙarƙashin mota yana ɗauke da sandunan ƙafa, kuma a motar da ke ja da tayoyin baya yana ɗauke da akwatin giyar baya, wato dif. Ba a ɗaure shi kai tsaye a jikin bodi ba. Tsakaninsa da bodi akwai manyan bushin na roba, kowane da bututun ƙarfe a tsakiyarsa wanda noti ke ratsawa, kuma aikinsu shi ne su shanye gurnanin dif da girgizar hanya, su kuma riƙe firam ɗin a wuri guda domin tayoyin baya su ci gaba da fuskantar inda aka saita su. Idan robar ta mutu, firam ɗin gaba ɗaya ne ke motsi, tare da duk abin da ke rataye a jikinsa.

Zan ɗauki misali da Marsandi 190, wadda aka ƙera daga 1982 zuwa 1993, da W124 da muka fi sani da V-Boot, wadda ta fito a 1984, da kuma C-Class ta farko, W202, ta 1993 zuwa 2000. Dukkansu ukun tsarin ƙafar bayansu iri ɗaya ne a asali: sanduna biyar a kowane gefe, da firam mai bushin huɗu, biyu a gaba biyu a baya. Mafi ƙuruciya a cikinsu ta haura shekara ashirin, don haka duk wadda ba a taɓa canza mata waɗannan robobi ba, to tana yawo ne a kan robar da zafi da ramuka da lodi suka riga suka gama da ita. Wanda ke da BMW ko wata motar mai irin wannan tsari zai iya bin matakan, da sharaɗin ya duba bambancin da ke cikin littafin gyaran motarsa.

Tabbatar da ciwon kafin a sa hannu

Ba na son kowa ya fara wannan aiki a kan zato, domin aiki ne na yini guda cur, wani lokaci har biyu idan tsatsa ta kama notuna. Alamar da ta fi ƙarar nan muhimmanci ita ce yadda bayan motar ke yi kamar yana da nasa sitiyarin: idan aka taka totur sai a ji ta karkata gefe kaɗan, idan aka saki sai ta dawo, kuma a kan kwana tana yin jinkiri kafin bayan ya bi gaban. Tayoyin baya kan cinye ta gefen ciki, kuma ko an je an yi alaimen, ba a jima sai saitin ya sake gocewa, saboda ginshiƙin da aka yi awon a kansa ba a tsaye yake ba.

A ɗaga motar a haska tocila a kan kowane bushin. Ƙananan tsage-tsage a fatar roba ba su isa hujja ba, tsufa ne kawai. Abin da ake nema shi ne tsagewa mai zurfi, ko robar da ta rabu da ƙarfenta, ko wuri mai sheƙi inda ƙarfe ke gogar ƙarfe, ko kuma tazarar da ke tsakanin firam da bodi ta bambanta tsakanin hagu da dama. A wasu motoci bushin ɗin cike yake da ruwa mai kauri, kuma idan ya fashe za a ga sawun baƙin ruwa ya bushe a ƙarƙashinsa. Sai a sa dogon ƙarfen ɓanɓare taya tsakanin firam da bodi a danna. Lafiyayyen bushin yana ba da kai kaɗan ya dawo da ƙarfi, mataccen kuwa sai ya tafi salin-alin har a ji ƙwas. Kafin a sauka, a gwada robobin da ke riƙe da dif, da faifan robar da ke haɗa dif da farfela, wato dogon ƙarfen da ke kawo juyi daga giya, da 'yan sandunan da ke riƙe da sandar hana tangaɗi, domin kowannensu yana iya yin irin wannan ƙara, kuma idan sun lalace, yanzu ne lokacin da ya fi sauƙin canza su.

Akwai dubawa guda da ba a tsallakewa. Motocin tokumbo da suka fito daga ƙasashen da ake watsa gishiri a kan titi lokacin ƙanƙara sukan zo da firam ɗin da tsatsa ta cinye ta ciki, kuma C-Class W204 ta yi suna a wannan matsala. A ƙwanƙwasa firam ɗin da ƙaramar guduma, musamman kusa da inda sanduna ke kamawa, a saurari amonsa. Idan ya yi ɗum kamar ruɓaɓɓen icce ko ya ɓarke, babu amfanin sa masa sabon bushin, firam ɗin ne za a nema. A BMW E46 kuma, wadda aka fara fitarwa a 1998, ƙasan bodin ne kansa ke tsagewa a kewayen notunan, kuma wannan aikin mai walda ne kafin ya zama aikin bakanike.

Sayen kaya da haɗa kayan aiki

A je kasuwa da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, domin bushin na gaba da na baya ba girmansu ɗaya ba, kuma ko a cikin samfuri ɗaya akan sami bambanci gwargwadon girman inji. Ko a Ƙofar Ruwa ne a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, za a nuna wa mutum kaya hawa-hawa. Shawarata ita ce a nemi sabo fil na kamfanin da aka sani, irin su Lemförder ko Febi ko Meyle, a kuma juya shi a hannu a duba ko lambar da ke jikin robar ta dace da ta kwali. Bushin beljiyam da aka ciro daga wata motar ba ciniki ba ne ko da an ba da shi kyauta, saboda shekarunsa ɗaya da wanda ake son cirewa, kuma wahalar cire shi ta riga ta raunana shi. Haka nan yanka tsohuwar taya a cusa, wanda na sha gani, yana kashe ƙarar na 'yan makonni ne kawai, sannan ya bar firam a karkace. Akwai bushin na wata roba mai tauri da ake kira foliyuriten, waɗanda ke zuwa gida biyu kuma suna da sauƙin sakawa, amma suna shigo da gurnanin dif cikin mota, kuma a ganina ba su dace da motar iyali a kan hanyoyinmu ba. A canza huɗun a lokaci guda. Idan aljihu bai kai ba, a canza biyu na layi ɗaya, hagu da dama, kada a taɓa canza gefe guda kaɗai.

A sayi sababbin notuna tare da bushin ɗin. Kamfanoni da dama, musamman Volkswagen da Audi, suna amfani da notunan da ke miƙewa kaɗan idan an ɗaure su, kuma irin waɗannan ba a maimaita su. Ko a motar da ba haka ba, notin da ya shekara talatin yana shan ruwa ya cancanci hutu. A duba lambar da ke kansa mai nuna ƙarfinsa, 8.8 ko 10.9, kada a maye gurbinsa da wanda bai kai shi ba.

Kayan aikin su ne jak mai taya guda ɗaya, biyu sun fi, da matokaran ƙarfe aƙalla biyu, da waigi, da saitin soket da doguwar sandar ƙara ƙarfi, da sufana mai auna ƙarfin ɗauri, da burushin ƙarfe, da zarto, da cizal, da guduma, da alƙalamin fenti, da maganin tsatsa irin WD-40. Sai babban abin, wato na'urar zare bushin. Wanda ya samu ta kamfani, wadda aka ƙera domin motarsa, ya huta. Wanda bai samu ba zai iya haɗa tasa, kuma zan yi bayaninta idan mun iso wurin. Tun daren jajibirin aikin a fesa wa manyan notunan huɗu maganin tsatsa, a sake fesawa da safe. Wasu kanikawa na zuba man birki domin sassauta noti, amma man birki yana cinye fenti, kuma inda fenti ya tashi nan tsatsa ke sauka.

Ɗaga motar da yin alama

A nemi wuri mai daidai, mai daɓen siminti idan da hali. Idan a kan ƙasa ne, a shimfiɗa katako mai kauri a ƙarƙashin kowane matokari domin kada ya nutse. Akwai abin da mutane da yawa ke mantawa da shi: a waɗannan motoci, giya da birkin ajiya duka tayoyin baya suke riƙewa, don haka da zarar bayan ya bar ƙasa, babu abin da ke tsare motar sai waigin da aka sa wa tayoyin gaba. A sa shi gaba da baya, a tayoyin biyu. A sassauta notunan wili da soket mai lamba 17 tun motar tana ƙasa, sannan a ɗaga, a kafa matokaran a wuraren da kamfani ya tanada a gefen bodi. Ba a kafa su a jikin firam, tunda shi ne za a sauke. Bulon siminti ba matokari ba ne, yana fashewa ba tare da ya ba da sanarwa ba, kuma jak shi kaɗai ba abin da za a ba amanar rai ba ne. Idan an cire tayoyin a tura su ƙarƙashin gefen motar su zama kariya ta biyu, sannan a girgiza motar da ƙarfi kafin kowa ya shiga ƙarƙashinta.

Yanzu sai matakin da nake ganin ya fi kowane muhimmanci, kuma shi ne wanda masu gaggawa ke tsallakewa. Kafin a taɓa ko noti ɗaya, a ɗauki alƙalamin fenti a zana kewayen inda kowane bushin ya zauna a jikin bodi, a kuma ja layi daga firam zuwa bodi a wurare biyu ko uku. Ramukan notuna suna da 'yar sarari, kuma gocewar milimita biyu ko uku a nan ta isa ta sa motar ta riƙa tafiya a kaikaice. Bayan haka a yi wa firam ɗin alamar yadda tsohon bushin ya fuskanta. Yawancin bushin ba dunƙulalliyar roba ba ce, akwai ramuka da aka bari a wasu ɓangarorinta domin ta yi laushi ta wata fuska ta yi tauri ta wata, kuma akan sa kibiya ko ɗan tsini a leɓenta domin nuna inda za ta kalla. A auna kuma zurfin da tsohon ya shiga, a rubuta. A ɗauki hotuna da waya ta kowace kusurwa, domin bayan awa biyar a ƙarƙashin mota ƙwaƙwalwa ba ta riƙe irin waɗannan ƙananan abubuwa.

Sauke firam ɗin

Ba lallai ne a fitar da firam ɗin gaba ɗaya ba. Hanyar da ta fi sauƙi ga mai aiki a gida ita ce a sauke gefe ɗaya a gama da shi, sannan a koma ɗayan, ta yadda kullum akwai notuna biyu da ke riƙe da shi a mazauninsa. Amma kafin ya sauka ko da yatsa ɗaya, dole a saki duk abin da zai ja. A cire robobin da ke rataye da salansa ta baya, a tallafe salansar da waya ko matokari. A saki birkin ajiya, a duba ko wayoyinsa na da sarari. A zare wayoyin ABS, wato na'urar hana birki kulle taya, daga maƙalansu, makulli a kashe. A kalli tiyon birki na kowane gefe da kyau, domin shi ne ya fi saurin miƙewa. Idan an ga zai ja, a kwance kalifa, wato ƙarfen da ke matse faifan birki, a rataye ta da waya a jikin bodi, ba tare da an buɗe hanyar mai ba. A V-Boot mai dogon baya akwai bututun man da ke daidaita tsayin motar idan an yi lodi, su ma a sa musu ido. Farfela takan jure saukar gefe ɗaya idan kaɗan ce, amma idan za a sauke firam ɗin sosai, to a yi mata alama a inda ta haɗu da dif sannan a kwance ta, domin ta koma yadda take.

A kawo jak a sa shi a ƙarƙashin firam ta gefen da za a fara, da guntun katako a tsakani, a ɗaga har ya karɓi nauyin. Firam da dif da sauran abin da ke jikinsa sun zarce buhun masara nauyi, kuma ban da nauyin, sifirin yana tura shi ƙasa, saboda sifirin ɗin yana zaune ne tsakanin bodi da sandar ƙasa wadda ke ɗaure a jikin firam. Wannan ne ya sa ba a kwance shokabzoba haka kawai, domin ita ce ke tare sandar kada ta zarce, kuma sifirin da ya kuɓuce yana iya karya ƙashi. A sassauta notuna biyu na ɗaya gefen zagaye uku ko huɗu, a bar su a ciki. Sannan a kwance na gefen aiki da doguwar sanda, a hankali. Idan noti ya yi tauri, a mayar da shi baya rabin zagaye, a ƙara fesa magani, a jira, a sake gwadawa. Uwar notin tana manne ne a cikin bodi inda hannu ba ya kaiwa, kuma idan aka fizge ta da ƙarfin tsiya har ta ɓalle tana juyawa, aikin yini ɗaya ya koma na yanke bodi da walda. Idan notunan sun fita, a saki jak ɗin kaɗan-kaɗan, ana tsayawa ana duba tiyo da wayoyi. Sararin da ake bukata bai cika wuce faɗin yatsu uku ko huɗu ba, daidai yadda kan na'urar zai shiga. A cusa guntun katako tsakanin firam da bodi domin ko jak ya motsa, yatsu su tsira.

Zare tsohon bushin

Bushin yana fita ne ta gefen da leɓensa yake, kuma ta nan sabon zai shiga. Na'urar gida tana bukatar abubuwa huɗu. Na farko sandar ƙarfe mai zare daga farko har ƙarshe, mai kaurin da zai ratsa ramin bushin, galibi milimita 12, kuma mai ƙarfi, 10.9 idan an samu, domin sandar da ake sayarwa a shagon kayan gini zarenta na zubewa tun kafin bushin ya motsa. Na biyu guntun bututu mai kauri wanda bakinsa ya fi bushin faɗi kaɗan, kuma zurfinsa ya isa ya haɗiye shi. Na uku faifan ƙarfe mai kauri da zai rufe bakin bututun. Na huɗu wani faifan wanda ya gaza ramin firam da kamar milimita ɗaya, shi ne zai tura bushin daga baya. Masu injin fiƙe ƙarfe suna yanka waɗannan a ɗan lokaci idan aka kai musu sabon bushin suka auna. Ana zura sandar ta tsakiyar bushin, a sa ƙaramin faifan a bayansa a kulle shi da noti biyu, a kifa bututun a gefen leɓe ya zauna a kan firam, a rufe da babban faifan, a shafa giris sosai a zaren sandar, sannan a fara ɗaure notin gefen bututu. Kowane zagaye yana janyo bushin cikin bututun.

Sau da yawa leɓen bushin yakan rufe gefen ramin har bututun ya rasa wurin zama. A nan sai a lanƙwasa leɓen da cizal ko a yanke shi a wurare biyu masu fuskantar juna, har ƙarfen firam ya bayyana. Idan an ɗaure har sandar ta ɗauki ƙarfi amma bushin ya ƙi motsi, kada a ci gaba da murɗawa. A bar shi a ɗaure, a bubbuga gefen ramin da guduma, a fesa magani, a ba shi minti goma. Yawanci sai a ji ya yi ƙas ya saki, daga nan kuma tafiyar ta yi sauƙi. Wani lokacin robar ce ke yagewa, tsakiyar ta fito ta bar zoben waje a manne. Maganin wannan shi ne a kwance ruwan zarto, a zura shi ta cikin ramin, a mayar da shi jikin marikinsa, a yanka zoben daga ciki a wurare biyu kusa da juna. A riƙa tsayawa ana dubawa, domin zoben kaɗai ake son yankawa, kuma duk tsagin da zarto ya bari a jikin firam wuri ne da tsagewa za ta iya farawa. Idan ya saura ƙiris, cizal zai naɗe zoben ciki ya faɗo.

Na san hanyar da aka fi bi a garejojinmu ita ce a kunna wutar gas a ƙone robar. Ina roƙon kada a yi haka alhali firam yana jikin mota. A 190 da V-Boot, ban da mai dogon baya, tankin mai yana bayan kujerar baya, saman wannan wuri kai tsaye, famfon mai da tiyoyinsa kuma suna nan ƙarƙashi kusa da firam. Na taɓa tsayawa a wani gareji inda ɗigon robar da ke ci ya faɗa kan tiyon mai, kuma da ba don yashi na kusa ba, da motar da rumfar duka sun tafi. Ko an fitar da firam ɗin waje, wuta tana ƙone fentinsa, kuma zafi mai yawa yana taɓa ƙarfin ƙarfen.

Saka sabo da mayar da komai

A goge ramin da burushin ƙarfe da samfefa mai laushi har ya yi sumul, a share, a shafa da yatsa a ji ko akwai ƙaya. Manufar ita ce cire tsatsa kawai, domin idan aka ci ƙarfen har ramin ya faɗaɗa, sabon bushin zai zauna sako-sako. Abin da za a shafa ya danganta da irin bushin. Idan bayansa roba ne, ruwan sabulun wanke kwanuka ya isa, saboda yana sa santsi sannan ya bushe ya bar robar ta kama. Giris da baƙin mai haramun ne a nan, suna kumbura roba, kuma ba sa bushewa, sai bushin ya riƙa zamewa a mazauninsa. Idan bayansa zoben ƙarfe ne, kwana ɗaya a firiza ko 'yan awanni a cikin kula mai ƙanƙara, a ƙulle cikin leda, yana sa ya ɗan tsuke ya shiga da sauƙi. Foliyuriten kuma yana zuwa da nasa man a cikin kwali, shi kaɗai za a shafa.

A daidaita kibiyar sabon bushin da alamar da aka yi, a juya na'urar ta yadda bututun zai koma ɗaya gefen, faifan kuma ya danna a kan leɓe ko zoben waje. Ba a tura bushin ta bututunsa na tsakiya, domin hakan yana yaga robar tun kafin ta fara aiki. Zagaye biyar na farko su ne masu hatsari: a riƙa dubawa ta kowane gefe ko yana shiga a miƙe, kuma idan ya karkace a fitar da shi a sake, kada a ce ƙarfi zai daidaita shi. Idan da sabulu ake aiki, a ci gaba ba tsayawa har ya kai zurfin da aka auna, saboda idan sabulun ya bushe a rabin hanya, bushin zai kafe. A yi na biyun haka, a mayar da duk faranti da wosha yadda hoton ya nuna.

A cire katakon, a ɗaga firam a hankali har ya kusa taɓa bodi, a leƙa ta ramin a ga ya yi daidai da uwar notin. Idan da saura, a karkato shi da ƙarfen ɓanɓare taya. Kowane noti da hannu ake fara shi, zagaye huɗu ko biyar, kuma idan ya ƙi shiga da hannu to bai hau zarensa ba ne, ba wai yana bukatar sufana ba. A bar su a sassauce, a koma ɗaya gefen a maimaita aikin duka. Sai bushin huɗun sun zauna sannan za a tura firam ɗin ya hau kan layukan fenti, a ɗaure notunan a gicciye, a ƙarasa da sufana mai awo. Adadin ɗaurin ya bambanta daga mota zuwa mota, don haka a ɗauko shi daga littafin gyaran samfurin, kuma idan littafin ya ce a ƙara kwata na zagaye bayan an kai adadin, a yi wa kan notin ɗigon fenti domin a ga iyakar juyawar.

Akwai bambanci da ya kamata a gane. Notunan firam a tsaye suke, ana iya ƙarasa ɗaurinsu mota tana sama. Amma duk wata sandar ƙafa da aka sassauta a cikin aikin, ba a ƙarasa ɗaurinta sai nauyin mota yana kan tayoyi, ko an ɗaga ƙafar da jak zuwa tsayin da take zama. Idan aka ɗaure ta ƙafa na lilo, robarta za ta zauna a murɗe da zarar an sauke motar, kuma ba za ta yi nisa ba. Bayan haka a mayar da salansa, da wayoyin ABS, da kalifa, da farfela a kan alamarta, a sa tayoyi, a sauke, a ɗaure notunan wili, waɗanda a waɗannan Marsandi uku 110 Nm ne a awon sufana. A taka birki sau da yawa har ya yi tauri kafin motar ta motsa.

Wanda matsalarsa ke firam ɗin gaba, kamar a motocin da ke ja da tayoyin gaba, tsarin aikin ɗaya ne, sai dai dole ya rataye injin daga sama idan wani mazauninsa yana kan firam, ya kuma kulle sitiyari a miƙe kafin ya raba shi da rak, wato ƙarfen da ke kai juyin sitiyari ga tayoyi, domin idan sitiyarin ya juya shi kaɗai, wayar da ke naɗe a cikinsa mai kai wuta ga hon da jakar iska takan tsinke.

A fara gwaji a unguwa, a hankali, ana saka giyar gaba da ta baya ana saurare, sannan a hau titi. Daga nan a wuce wurin alaimen mai auna tayoyi huɗu, ba na gaba kaɗai ba, domin sababbin bushin sun mayar da firam tsayinsa na asali, kuma duk saitin da aka yi a kan matattun ya tashi. Bayan tafiyar kamar kilomita 100 a sake ɗaga motar a bi notunan huɗu da sufana mai awo, a duba ko layukan fenti suna nan a inda aka bar su. A wannan shigar kuma a kalli dif da kyau: idan yana yoyon mai, a canza silinsa nan kusa, domin man da ke fantsama a kan roba yana cikin abubuwan da suka kashe tsofaffin.